Jar Shinkafar Matant Klemezin

Sunan Klemezin a bakin kakata, Grann Filomiz, na fara jin sa, kuma a matsayin zagi na ji shi. Ina 'yar shekara tara ko goma aka ba ni soyayyar ayaba a ganye. Ɗan kawuna, wanda ya karya mini 'yar tsana kwanakin baya, ya zo yana miƙo hannu. Na zauna a gabansa na cinye ta tas, a hankali, ina kallon ƙwayar idonsa. Grann tana tsintar wake a bakin ƙofa. Ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Allah ya tsare mu, yarinyar nan zuciyar Klemezin ta ɗauko."

Na ce, "Grann, wace ce Klemezin?"

Ta ce, "Tashi ki ɗebo ruwa."

Sai da na shiga sakandare a Sen Mak na san cewa Klemezin ƙanwar Grann ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tana nan da ranta a ƙauyen Ti Mapu, can cikin kwarin Latibonit. Tun kafin a haife ni ba sa magana da juna. A danginmu ni ce mai riƙe labari, ni ake tambaya wa ya haifi wa, wa ya tafi bai dawo ba, don haka abin ya tsaya mini a rai. Abin da zan rubuta a nan, wani daga bakin Grann na ji shi a shekarunta na ƙarshe, wani daga tsofaffin Ti Mapu, mafi yawa kuma daga bakin Klemezin kanta, wadda nake kira Matant, wato goggo.

Gajeriyar mace ce, baƙa, dugaduganta duk sun tsattsage saboda laka. Lofen taba ba ya barin bakinta sai in za ta ci abinci ko za ta yi zagi. Mijinta Anteno yana da gona a bakin magudanar ruwa, gadon kakansa. A saman gonar, ƙarƙashin wani tsohon mangwaro, kaburburan danginsu suke. Jar shinkafa suke nomawa, wadda muke kira 'yar Gine, don tsofaffi sun ce daga can kakanninmu suka zo da ita lokacin da aka ɗauro su a jirgin bayi. Doguwa ce, ba ta neman taki, in ana dafa ta maƙwabta na jin ƙamshi. Aibinta ɗaya, jinkiri. Sai ta kusa cinye rabin shekara a gona kafin ta nuna.

Kowace shekara in an girbe, tukunyar farko ta matattu ce. A dafa babu gishiri, a zuba a ƙananan ƙorai, a ajiye a kan kowane kabari, babbar macen gida ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba a kira ba, da yunwa zai zauna har shekara ta zagayo. Mutanenmu suna zuwa coci ran Lahadi, amma wannan ba su taɓa wasa da shi ba.

Anteno yana da ɗan baffa mai suna Sanvilis, kakansu ɗaya. Ya yi aikin otel a Potoprens, babban birnin ƙasarmu, a nan ya tsinci Ingilishi. Wata rana sai ga shi ya dawo Ti Mapu a gaban motar Turawa, da farar riga da tabarau, shi ne tafinta. Turawan na wata ƙungiyar agaji ne, sun zo da sabon iri. Aka tara manoma a farfajiyar coci. Bature ya yi magana guntuwa, Sanvilis ya ja ta ta yi tsawo.

Ya ce, "Shinkafarku tsohuwa ce mai zuwa coci da sanda, kafin ta iso an tashi. Ta Bature kuwa, kafin ku gama gulmarta ta nuna. Girbi biyu a shekara. Taki kyauta."

Mutane suka yi dariya, har da Anteno. Klemezin ta cire lofe daga baki ta ce, "Tambayi maigidan naka, ita mai saurin nan, in kyautar ta ƙare me za ta ci?"

Sanvilis ya juya ya gaya wa Baturen wani abu da Ingilishi. Baturen ya ƙyalƙyale da dariya, ya tafa mata hannu kamar yarinyar da ta yi waƙa. Har ta tsufa ba ta san abin da aka faɗa a kanta ba. Ta gaya mini cewa wannan tafin ya fi mari zafi.

Sharaɗi ɗaya aka kafa. Duk mai son sabon iri sai ya rabu da tsohon, wai jar tana ɓata farar in sun gauraya a gona, masu injin casa ba za su saya ba. Gida-gida Sanvilis ya bi yana leƙa rumbuna. Mutane suka daka irinsu suka cinye. Anteno ma ya yarda. Klemezin ba ta yi gardama da mijinta ba. Ta cika wani tsohon gora da 'yar Gine, ta toshe bakinsa da tsumma, ta cusa shi cikin jinka.

Shekaru biyun farko an yi murna, Anteno har rediyo ya saya. Daga nan Turawan suka ce aikinsu ya kammala, suka naɗe kayansu. Taki ya koma na saye, sabon irin kuwa in babu taki ko gwiwa ba ya kaiwa. Ana cikin wannan sai jiragen ruwa suka fara sauke shinkafar Miyami, birnin Turawa da ke ƙetaren teku. Masu ba ƙasa bashi suka matsa wa gwamnati ta rage harajin shigo da ita, ta rage. A kasuwar Leste, a ƙofar gidanmu, shinkafar da ta ƙetaro teku ta fi wadda aka noma a bayan kasuwar araha. Waɗanda suka koya mana noman da ba ya yiwuwa sai da takinsu, daga wajensu shinkafar da ta hana mu sayar da tamu ta fito. Sanvilis kuwa bai faɗi ba. Ya buɗe katafaren shago a bakin titi, ɓari guda buhunan taki, ɓari guda buhunan Miyami.

Shi ya sayi gonar Anteno. Ya ce ai gara ta zauna cikin dangi, ga kaburbura a ciki. Da kuɗin Anteno ya biya wurin zama a wani kwale-kwale mai zuwa Miyami, ya ce tunda shinkafarsu ta zo wajenmu, shi zai je wajensu. Daga ranar babu wanda ya sake jin labarin kwale-kwalen.

Bayan watanni Klemezin ta je shagon. Ta roƙi Sanvilis ya tambayi abokansa Turawa ko sunan Anteno yana cikin waɗanda aka kama a teku aka tsare. Yana zaune a kan buhu yana sakace. Ya kira ta Sò, wato 'yar'uwa, ya ce, "Haba Sò Klemezin, Turawa suna da aikin yi. Ba za su zauna neman kowane baƙauye da ya faɗa ruwa ba." Sai ya sa aka auno mata kwanon Miyami, wai ta rage zafi. Ta karɓa da hannu biyu, ta juye shi a kan takalmansa, ta taka ta wuce. Tun daga ranar ƙwaya ɗaya ta shinkafar jirgi ba ta sake shiga bakinta ba. In abin ya yi tsanani ta ci rogo, ta ci tuwon masara, ko ta sha kofi ta kwanta.

Tana da 'yan fangaloli a bayan gida, gadon uwarsu. Ta sauko da goran nan daga jinka ta shuka. Haka take yi duk shekara, ita kaɗai, tana korar tsuntsaye da gwangwani, mutane suna cewa baƙin ciki ya taɓa mata kai.

To, wanda ya riƙe gonar gado shi ciyar da matattu ya hau kansa. Sanvilis bai ƙi ba, ya ma mai da abin biki. Ganguna, bunsuru, giyar rake kamar ruwa, manyan tukwane. Sai dai abin da ke cikin tukwanen daga shagonsa ya fito, fara sol kamar takarda. Ita ya zuba a ƙorai ya ajiye a kan kaburburan kakanninsa. Mutane suka ci suka ƙoshi, suka koma gida suna raɗa. Babu wanda ya gaya masa, don rabin ƙauyen a shagonsa suke ɗaukar taki. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru.

Sai maƙogwaronsa ya fara rufewa. Da farko nama ne ba ya wucewa, daga baya har ayaba. Mai shagon abinci mafi girma a yankin ya koma shan romo da cokali. Likitocin Potoprens suka ce aikin sai a waje. Ya sa kwat, ya ɗauki hotunan da ya yi da Turawa tun zamanin tafinta, ya je neman biza. Aka hana shi. Ya sake komawa, aka sake hana shi, wai ba su gamsu cewa zai dawo gida ba. An ce ranar da labarin ya iso Ti Mapu, Klemezin ta yi dariya har lofenta ya faɗi ƙasa ya fashe.

Da ƙofar Turawa ta rufe sai ya tuna da ta gida. Ya je wajen ugan, mai magana da matattu. Ugan ya ce, "Mutanenka yunwa suke ji. Kana ajiye musu abin da ba su san shi ba, suna shinshinawa suna komawa. Sun riƙe maka wuya ne don ka ji yadda suke ji. Ka ba su 'yar Gine."

Ya aika a bincika kwarin kaf, kasuwa-kasuwa. Babu. Ai shi da kansa ya bi rumbuna ya tabbatar da haka. Kowa aka tambaya sai ya nuna gida ɗaya.

Matarsa ya fara aikowa, da atamfa da kaji. Klemezin ta karɓi gaisuwa ta mayar da kaji. Sai ya zo da kansa, da rana tsaka, direba ya riƙo shi daga mota. Ya tarar da ita a tsakar gida tana daka, kuma jar shinkafar ce a turmin. Ba ta ba shi kujera ba.

Ya ce, "Sò Klemezin, barka da aiki." Muryarsa ta zama kamar ta mai raɗa.

Ta ce, "A'a, Mesye, yallaɓai Tafinta. Yau babu Bature a bayanka? To wa za ka fassara wa?"

"Kin san abin da ya kawo ni."

"Na ji an ce za ka Miyami. Da ma ina da saƙo, ka duba mini wani baƙauye a hanya."

Ya kalli turmin. Can ya ce, "Kwano ɗaya kawai. Faɗi abin da kike so. In gonar ce, na mayar miki, har da kaburburan."

"Da Anteno a ciki?"

Ta ci gaba da daka, ta bar shi a rana har gumi ya jiƙa masa kwat. Sannan ta jingine taɓarya ta ce, "Ni ba na hana matattu abinci, nawa ne su ma. Amma ba sa cin shinkafar roƙo, ba sa cin ta saye. Wanda zai ciyar, shi zai shuka. Ga fangali can na bar maka, ga yabanya ta isa dashe. Ka cire takalmi ka shiga."

Na tambayi tsofaffin Ti Mapu ko da gaske haka al'adar take. Wasu sun ce haka take a zamanin da. Wasu sun ce a tsaye a wurin Klemezin ta ƙirƙiro ta. Da aka koma wajen ugan ya ce maganarta daidai ce, amma shi ma an san yana tsoron bakinta.

Ranar dashen kowa a Ti Mapu ya bar aikin gonarsa. Duk suka jeru a kan gaɓar magudana kamar masu kallon wasa. Sanvilis ya naɗe wando ya shiga laka, ƙafafunsa sirara, farare kamar na wanda bai taɓa fita rana ba. Ya sunkuya ya dasa, ya miƙe yana haki, ya sake sunkuyawa. Wani tsoho da ya rasa gonarsa a hannun Sanvilis ya ce, "Mesye, a hankali, laka ba ta jin Ingilishi." Wasu suka ɗauko waƙar gayya suna rera masa, amma babu wanda ya shiga ya taya shi. Klemezin tana zaune a kan kujera da sabon lofe, in layi ya karkace ta ce ya cire ya sake.

Daga nan duk mako sai direba ya kawo shi, ya tsaya a bakin fangalin yana kallon ganye. Kullum ya fi na makon jiya rama. Ya ce mata, "Sò Klemezin, yaushe?"

Ta ce, "Tsohuwa ce, tana hanyar coci da sandarta. Ka yi haƙuri."

A nan Grann ta shigo maganar. Ita ce ta tsaya wa 'yar Sanvilis a matsayin uwa ranar baftismarta a coci, kuma ta san abin da kowa bai sani ba: akwai buhu guda na girbin bara a kan rufin ɗakin ƙanwarta. Ta zo ta same ta. Grann ta ba ni labarin nan tana kuka, Matant ta ba ni shi idonta a bushe, amma maganganun iri ɗaya suka faɗa.

Grann ta ce, "Klemezin, ba zai kai girbi ba, kin sani."

"Na sani."

"Mutum ne fa yake mutuwa."

"Anteno kifi ne?"

"Ba shi ya aiko da jiragen ba. Ba shi ya rage haraji ba. Shi ma amfani suka yi da shi suka yar."

Klemezin ta ce, "Duk na sani, Sò Filomiz. Masu jiragen sun yi mini nisa, ko sunansu ban sani ba. Hannuna nan ya kai."

Grann ta tashi ta nufi tsani za ta hau da kanta. Klemezin ta riga ta, ta zauna a kan matakin farko ta ɗora taɓarya a cinya. Suka daɗe suna kallon juna. Grann ta ɗaura ɗankwalinta ta fita, ba ta sake taka gidan ba har ta mutu.

Sanvilis ya rasu shinkafar ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwan madara. Aka binne shi a ƙarƙashin mangwaron nan, a kabarin siminti mai fenti wanda ya fi na kakanninsa duka girma. Da shinkafar ta nuna, Klemezin ta yanke ta, ta daka, ta dafa babu gishiri, ta ɗora tukunya a ka ta shiga gonar da yanzu take hannun 'ya'yansa. Ba ta nemi izini ba, babu kuma wanda ya tare ta. Ta zuba a ƙorai ta bi kaburbura tana kiran sunaye tun daga kakan kaka. Ƙoƙon Anteno ta ajiye shi a gindin mangwaro, ta juya fuskarta wajen teku ta kira shi. Matar Sanvilis tana tsaye cikin baƙaƙen kaya kusa da sabon kabarin, tana jira. Klemezin ta kankare tukunya, ta kife ta, ta ɗauki gammonta.

Matar ta ce, "Sò Klemezin, ai shi ya shuka ta."

Ta ce, "Da ya jira."

Ni ban gan ta ba sai bayan rasuwar Grann, lokacin da aka aike ni in kai mata labari. Ta saurare ni har na gama, ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito sai ta ɗora tukunya. A ranar na fara cin 'yar Gine, ina da shekara goma sha bakwai, ni da aka haifa a tsakiyar kwarin shinkafa. Daga nan duk hutu a wajenta nake yi. A makaranta an koya mana yadda aka sa ƙasarmu ta biya diyyar 'yancinta ga waɗanda suka bautar da mu, da yadda sojojin waje suka zo suka zauna mana, da yadda har yau a can ake yanke abin da za mu ci. Na haddace, na ci jarrabawa. Amma sai a tsakar gidan Matant na ji zafinsa a jikina. Grann ta mutu tana cewa ƙanwarta ta yi zunubi. Ina son Grann, ita ta rene ni. Duk da haka, in na wuce shagon nan na ga buhunan jibge har rufi, na san gefen da nake.

A hutuna na ƙarshe wajenta, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Turawa biyu ne, mace da namiji, matasa masu fara'a, da akwatin sanyi da ƙananan ambulan, da wani sabon tafinta ɗan Potoprens. Suka ce suna bin ƙauyuka suna tattara tsofaffin iri kafin su ɓace, za su adana su a wani ɗakin sanyi a ƙasarsu don amfanin duniya baki ɗaya. An gaya musu ita kaɗai ta rage da jar shinkafa. Matant ta ba su kujeru, ta dafa musu kofi, ta tambayi lafiyar iyayensu. Sannan ta ce ai tsuntsaye sun cinye tun shekarun baya, ko ƙwaya babu. Fangalolin suna nan kore shar a bayansu, ba su san abin da suke kallo ba.

Da ƙurar motar ta kwanta ta kira ni ɗaki, ta nuna mini goran a cikin jinka.

Ta ce, "Mirlanj, ɗiyata, sun ce mu zubar mun zubar, yanzu sun dawo tsinta. Ni na kusa tafiya, kuma ke za su nema, don kin yi makaranta, za su yi miki magana mai daɗi da yaren da kike ji. Ki shuka ta duk shekara, ko a tsohon baho ne. In kuma kin ga ba za ki iya riƙewa ba, ki dafa ta duka, har wadda ke cikin goran, ki kira mutanen Ti Mapu ku cinye. Ki wanke tukunyar da kyau. Kada ki bar musu ko ƙanzo."